Hawan Duwatsun Dajin Fontenbulo Ba Wasan Ganganci Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni ɗan fili domin in yi tsokaci a kan wani hoto da kuka buga a shafin wasanni kwanakin baya. A cikin hoton an ga wata mata ta maƙale a jikin wani dutse da tsayinsa bai wuce na mutum biyu ba, babu igiya a ƙugunta, ga dogayen itatuwa a bayanta, ga kuma mutane uku a ƙasa sun ɗaga hannuwa sama kamar masu jiran a jefo musu kaya daga kan mota. Ɗan bayanin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton ya nuna cewa wannan ganganci ne irin na mutanen da cikinsu ya cika har suka rasa abin yi. Na yi dariya da na karanta, domin ni ma haka na ɗauki abin a farkon zuwana Faransa karatu, amma da na ƙara duba hoton na ga farin yashin da ke ƙasa da ƙaramar kibiyar da aka zana da fenti a gindin dutsen, sai na gane cewa dajin Fontenbulo ne na ƙasar Faransa, inda na shafe shekara uku ina zuwa kusan kowane ƙarshen mako. Saboda haka na ga ya kamata in gyara wa masu karatu wannan fahimta, domin a ganina wanda ya fi zama cikin haɗari a wannan hoto shi ne dutsen, ba matar ba.

Dajin yana kudu maso gabashin birnin Paris, tazarar kilomita 60 ko kusa da haka, kuma jirgin ƙasa yana kai mutum daga tashar Gare de Lyon cikin kimanin minti 40. Daji ne babba wanda faɗinsa ya haura hekta 20,000, cike da itatuwa, wasu masu faɗin ganye da ke zubewa a lokacin sanyi, wasu kuma masu ganye siriri kamar allura. A ƙarƙashinsu akwai duwatsu birjik, kai ka ce wani ne ya watsa su da hannu, mafi yawansu daga mita biyu zuwa biyar. Asalinsu yashi ne da teku ta bari a wurin kimanin shekara miliyan 30 da suka wuce, wani sashe nasa ya daskare ya zama dutse, sauran kuma ya tsaya a yashinsa, fari tas, mai tsabtar da har yau ake haƙar irinsa a yankin domin yin gilashi. Wannan asali yana da muhimmanci ga maganar da zan yi, domin dutsen yashi ba kamar baƙin dutsen da muke fasawa mu yi tsakuwar gini ba ne. Ƙwayoyin rairayi ne a manne da juna, kuma abin da aka manna yana iya ɓantarewa.

Wasan kansa ba shi da wuyar bayani. Mutum yakan zaɓi fuska ɗaya ta dutse, ya fara daga madafar da aka sani ita ce mafari, wani lokaci a tsaye wani lokaci a zaune a ƙasa, ya hau da hannu da ƙafa kawai har ya miƙe a kan dutsen. Babu igiya domin tsayin bai kai na neman igiya ba. Kayan aikin su ne takalmi matsattse mai ƙasan roba, da garin alli na busar da gumin hannu, da buroshi mai laushi, da wata katifa mai tauri wadda ake naɗewa a goya a baya. Mutanen da kuka gani da hannuwa a sama ba za su cafke mai faɗuwa ba ne, domin babu mai iya cafke babban mutum daga sama. Aikinsu shi ne su karkatar da shi zuwa kan katifar, su kuma kare kansa da ƙeyarsa daga bugun wani dutse ko kututture. Ba zan ce babu rauni ba, tunda duk wanda ya kuɓuce a ƙasa zai tsinci kansa, kuma targaɗen idon sawu da ciwon jijiyar yatsa abubuwa ne da kowa ya saba gani, har da karaya jifa-jifa. Akwai kuma 'yan tsirarun duwatsu masu tsayin gaske waɗanda ni kaina ba na zuwa kusa da su. Sai dai mutumin da ya auna inda zai faɗi, ya shimfiɗa katifa, ya tsayar da mai tare shi, ya kuma duba ta inda zai sauko tun kafin ya hau, ba shi ake kira mai ganganci a Hausa ba.

Masu wannan wasa a ƙasashen da ake Ingilishi suna kiran kowace hanya ta hawa da kalmar da ke nufin matsala, irin matsalar lissafi da malami ke rubutawa a allo, kuma sai da na sha wuya na gane dalilin sunan. Bari in ba da labarin wadda ta koya mini. Wani dutse ne da bai kai mita uku da rabi ba, a wani lungu da ke da tafiyar rabin awa daga tashar jirgi, mai alamar shuɗin fenti. Farkonsa mai sauƙi ne: akwai wani tsagi da yatsu huɗu ke shiga, da wani ɗan tudu na ɗora ƙafar dama. Daga nan sai dutsen ya zama sumul, samansa ya lanƙwashe kamar bayan ƙwarya, babu abin kamawa ko kaɗan. Ni da nake taƙama da ƙarfin damtse, na yi ta jan jikina sama ina kai hannu ina zamowa, na faɗi fiye da sau ashirin a rana ɗaya, har fatar yatsuna ta yi ja kamar an goge ta da takardar goge katako. Mako uku ina komawa. A mako na uku wata dattijuwa da ta girme wa mahaifiyata, sanye da tsohuwar rigar sanyi, ta zo ta tsaya tana kallona na ɗan lokaci, sannan ta nemi izini ta hau. Ba ta ja jikinta ba sam. Ta shimfiɗa tafin hannunta gaba ɗaya a kan lanƙwasar, ta sauke kafaɗunta ƙasa yadda nauyinta zai danna hannun a jikin dutsen, ta ɗora babban yatsan ƙafar hagu a kan wani ɗan ƙurji da ni ban ma lura da shi ba, ta matso da ƙugunta har ya kusa taɓa dutsen, sannan ta juya hannun ta danna ƙasa kamar mai hawa katanga, sai ga ta a tsaye a sama. Duka abin bai kai rabin minti ba. Da ta sauko ta baya, abin da kawai ta ce mini shi ne in daina kallon sama, in kalli ƙafata. Sai da na ƙara mako biyu kafin na hau, kuma ranar da na hau ban ji na yi amfani da rabin ƙarfin da nake ɓarnatarwa a baya ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, ko da Dalar mita uku ce.

Wannan sana'a ta dabara tana da dogon tarihi a dajin. Tun ƙarshen ƙarni na 19 masu hawan manyan tsaunuka daga Paris suke zuwa nan motsa jiki kafin su tafi Alps, wato manyan tsaunukan Turai, bayan kafa ƙungiyar masu hawan tsauni ta Faransa a 1874. A shekarun 1930 wani rukuni na matasa, wanda Pierre Allain ya fi shahara a cikinsu, suka fara ɗaukar ƙananan duwatsun a matsayin abin nema don kansu, kuma Allain ɗin ne ya ƙirƙiro takalmi mai sumul ɗin roba wanda takalman hawa na yau suka samo asali daga gare shi. A 1946 René Ferlet ya hau wata fuska a yankin Bas Cuvier wadda aka sa wa suna Marie-Rose, ita ce ta farko a dajin da aka ba matakin wahala na 6a, a ma'aunin da lambarsa ke ƙaruwa gwargwadon wahalar hawa, kuma har gobe mutane daga ƙasashe daban-daban suna layi a gindinta. A 1947 Fred Bernick ya zana jerin hawa na farko da fenti, wato duwatsu da dama da ake bi ɗaya bayan ɗaya ta hanyar kibiya da lamba, kuma daga nan aka samu tsarin launuka da ake amfani da shi yanzu: rawaya ga masu koyo, sai ruwan lemo, sai shuɗi, sai ja, sannan fari ko baƙi ga gwanaye. A 1984 Jacky Godoffe ya kai dajin matakin 8a. A can Amurka kuwa, wani malamin lissafi mai suna John Gill, wanda ya taɓa wasan motsa jiki na lanƙwasa da tsalle, shi ne ya shigo da garin alli cikin hawan dutse a shekarun 1950. Mataki mafi tsanani da aka fara kaiwa a wannan zamani, wato 9a, Nalle Hukkataival ne ya buɗe shi a 2016 a kan wani dutse a dajin ƙasarsa Finland, bayan ya shafe shekaru yana komawa ga motsi biyar ko shida kacal. Mai ganganci ba ya da irin wannan haƙuri.

Na san abin da ya sa wasan ya fara shigowa shafukan jaridunmu shi ne gasar Olamfik, tun da aka saka hawa a wasannin Tokyo da aka yi a 2021, sannan a Paris a 2024, inda Janja Garnbret ta Sulobeniya ta sake cin zinare a ɓangaren mata, Toby Roberts na Birtaniya kuma ya ci a ɓangaren maza yana ɗan shekara 19. Amma abin da aka gani a talabijin a ɓangaren hawa ba igiya bango ne na katako mai tsayin kimanin mita huɗu da rabi, wanda aka ɗaura wa madafai na roba da kusoshi. Idan madafa ta lalace a can, sai a kwance ta a ɗaura sabuwa, idan an gama gasa kuma a wanke su da ruwa a shirya wata matsalar. A nan ne bambancin da nake son masu karatu su riƙe yake, kuma a nan ne ni kaina na yi laifin da har yau nake jin kunyarsa.

Wata Asabar ce a watan Nuwamba na shekarata ta farko. An kwana ana ruwa, da safe rana ta ɗan leƙo, ni kuma na riga na sayi tikitin jirgi, na ga ba zan yi asarar kuɗina ba. Na isa na taɓa dutsen na ji samansa ya bushe, duk da cewa yashin da ke gindinsa a jiƙe yake, ganyayen ƙasa kuma suna ɗigar ruwa. Akwai wani dattijo da nake yawan gani a wurin, wanda ba ya ɗaukar katifa sai ɗan guntun darduma da tsumma, yana zaune a kan kututture da butar shayinsa, takalmansa na hawa a rataye a wuya. Na gaishe shi, ya amsa, ya ce mini yau ranar yawo ce ba ranar hawa ba. Na ɗauka tsoron santsi yake ji mini, na ce masa zan kula. A hawa na biyu na sa yatsu uku a kan wani ɗan gefe da bai fi faɗin farce ba, na ɗora nauyina, sai na ji ƙas, na tsinci kaina a kan katifa da ɓallin dutse a hannuna. Ban ji ciwo ko kaɗan ba. Na duba ɓallin na ga cikinsa ya yi duhu da danshi, na murza shi da yatsa ya koma rairayi. A jikin dutsen kuma ga wani sabon tabo fari kamar an cire haƙori. Dattijon ya taso ya zo ya shafa wurin da babban yatsansa, ya daɗe bai ce komai ba, daga baya ya ce shi tun yana saurayi yake riƙe wannan gefen. Bai zage ni ba, ya koma ya zauna, kuma da ma zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Daga baya na fahimci abin da ya faru. Dutsen yashi yana shan ruwa kamar tubalin ƙasa, kuma idan ya sha, abin da ke riƙe ƙwayoyinsa yakan yi rauni, ta yadda fatar waje za ta iya bushewa cikin awa biyu alhali ciki na jiƙe. Shi ya sa masu dajin suke cewa a duba ƙasa kafin a duba dutse: muddin yashin gindi da danshi, to a haƙura, ko da za a jira kwana ɗaya ko biyu. Madafar da na karya ba ta da madadi. Babu kanti da ake sayar da ita, kuma duk wanda zai zo bayana, har abada, wata matsala dabam zai tarar, ba wadda dattijon ya sani ba.

Sauran ƙa'idodin wurin duk daga wannan tushe suka fito, kuma babu ɗan sanda da ke tsaye a kansu. Guntun dardumar da tsofaffi ke ɗauka na goge ƙasan takalmi ne kafin a taka dutse, domin ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin roba tana aiki kamar dutsen wasa wuƙa, kuma wanda ya je gindin Marie-Rose zai ga matakan ƙafarta sun yi sheƙi saboda yawan takawa. Ba a amfani da buroshin ƙarfe. Ba a sassaƙa sabuwar madafa don hanya ta yi wuya, wannan shi ne babban abin kunya a wajensu. Wanda ya shafa alli ya goge shi kafin ya tafi, kuma a kan allin nan ma akwai tsohuwar jayayya, domin 'yan gargajiyar dajin sun fi son ƙullin ƙaro a cikin tsumma wanda suke bugawa a jikin dutse, wasu kuma suna cewa ƙaron ne ke sa dutse ya yi santsi kamar kwalba idan ya daɗe. Ni dai na ga ɓarnar kowanne idan aka yi masa yawa. Ba a jan katifa a ƙasa, ɗaukarta ake yi, saboda jan yana kashe ciyawar da ke riƙe yashi, idan yashin ya zaizaye kuma sai saiwoyin itatuwa su fito fili, gindin dutse ya yi zurfi. A wasu wurare masu gangara hukumar kula da dazuzzuka ta ƙasar ta kafa matakala da shingen katako domin tsayar da zaizayar. An hana hura wuta, an kuma hana kwana sai a wuraren da aka keɓe.

Faransawa ba su wayi gari da wannan hali ba, kuma bai kamata mu ɗauka cewa su mala'iku ne ba. Ɗaruruwan shekaru suka yi suna fasa duwatsun wannan daji suna shimfiɗa titunan Paris da su, har yanzu mai yawo yana cin karo da tarin ɓaraguzai da ramukan masu fasa dutse, kuma sai a farkon ƙarni na 20 aka dakatar da fasawar a dajin gwamnati. Masu zanen hoto da suka zauna a ƙauyen Barbizon ne suka fara kukan a bar musu tsofaffin itatuwa, har aka keɓe fiye da hekta dubu ɗaya a 1861, abin da ake lissafawa cikin matakan farko na kare daji da doka a duniya. A 1998 hukumar UNESCO ta saka yankin cikin wuraren da take ba kulawa ta musamman saboda halittunsu. Duk da haka, a ranakun hutun bazara, idan motoci daga Jamus da Holan da Ingila suka cika wuraren ajiye mota, mutum yakan tarar da takardar bayan gida a bayan duwatsu da farin alli a ko'ina, kuma mafi yawan masu yin haka matasa ne da suka koyi hawa a ɗakunan motsa jiki na birni, suka fito daji da ƙarfi amma babu wanda ya koya musu ladabin wurin. Ni ma ɗaya ne daga cikinsu a wancan Nuwamban.

Akwai misalin abin da ke biyo baya idan aka ƙi ji. A Hueco Tanks da ke jihar Texas ta Amurka, inda aka ƙirƙiro ɗaya ma'aunin wahala da ake amfani da shi a duniya, duwatsun suna ɗauke da zane-zanen mutanen da suka zauna a wurin tun kafin zuwan Turawa. Da cunkoso da ɓarna suka yi yawa, hukuma ta taƙaita shiga tun daga 1998, ta yadda yanzu akwai adadin mutanen da ake bari a rana, kuma yawancin wurin ba a shigarsa sai da ɗan jagora. A Fontenbulo ma akwai kogunan dutse masu yawa da mutanen dauri suka yi wa zane da sassaƙa dubban shekaru da suka wuce, kuma masu hawa na ƙwarai suna kauce musu.

Wannan ne ya kawo ni ga roƙona, ranka ya daɗe. Tun da wasan ya shiga Olamfik, ba na shakkar cewa wata rana matasanmu za su gwada shi, kuma ba mu rasa duwatsu ba: duk wanda ya tashi a Zariya ya san Kufena, mutanen Jos sun san tsaunukan Shere da duwatsun Riyom, sunan babban birnin Jigawa ma Dutse ne. Namu sun fi na Fontenbulo tauri nesa ba kusa ba, ruwan sama ba zai sa su ɓalle a hannu ba, amma muna da namu abin da ba shi da madadi, kamar zane-zanen da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, da wuraren da mutanen gari ke girmamawa waɗanda baƙo ba ya hawa sai ya nemi izinin mai unguwa ko dagaci. Idan jaridarku za ta sake buga irin wannan hoto, ina roƙon a rubuta sunan wurin, a bayyana aikin katifa da na masu ɗaga hannu, a kuma ƙara layi biyu a kan goge takalmi da jiran dutse ya bushe, domin yaron da zai fara sha'awar wasan daga shafinku ya karɓi ƙa'idar tare da sha'awar a rana ɗaya.

Ɓallin dutsen nan yana nan a cikin wata ƙaramar kwalba a kan teburin karatuna, rabinsa ya riga ya koma yashi. Dattijon kuwa mun ci gaba da haɗuwa, kuma a bara shi ne ya tsaya a bayana da hannuwa a sama ranar da na fara gwada jerin ja.

Na gode da filin da aka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku,
ɗalibi a Faransa.